Shagon Baba Injiniya mai sola a Gombe, abin da na gani da idona cikin wata takwas

Jama'a da yawa suna tambayata wa ya haɗa min sola a shagon ɗinki, wasu a waya wasu kuma sai sun zo karɓar kaya suga keke na gudu alhali layin gaba ɗaya babu wuta, toh yau nace bari in zauna in rubuta komai sau ɗaya, mai kyau da mara kyau. Ba biyana akayi ba, shi kansa mai shagon bai san ina wannan rubutun ba, kuma bazan sa sunansa ko lambarsa ba tunda ban nemi izininsa ba. Mu dai Baba Injiniya muke ce masa, shagon yana ɓangaren Jekadafari, ɗan ƙarami ne, in baka lura ba zaka wuce shi.

Kafin in san shi na riga na ƙone. Ana saura wata biyu azumi wani ya haɗa min inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da batir biyu, yace sabbi ne dal, na biya kuɗin da na daɗe ina tarawa, sati uku kacal batir ya fara mutuwa kafin ƙarfe tara na dare. Duk tela ya san me wannan yake nufi, kayan sallah jibge, kwastoma na kira, kai kuma kana zaune cikin duhu da fitilar waya. Na kira mutumin har na gaji, daga baya ma ya daina ɗauka. Wani abokina mai shagon caji ne yace min in ɗauki kayan in kai wa Baba.

Na je da niyyar in sayi sabon inbata, don a tunanina shi ne ya lalace. Baba ya sa yaronsa ya sauke kayan daga Keke Napep, ya ɗauko mita ya gwada inbatan, ya gwada batir ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu kwan fitila mai jan wuta yana duba agogo, kusan minti arba'in bai ce min komai ba. Sai ya ɗago yace "ɗana, inbatanka lafiyarsa ƙalau, kar ka sayi wani. Batiranka ne tsofaffi, an wanke su an liƙa musu sabuwar takarda." Ya nuna min gefen da tsohuwar takardar ta bar shaida, ya nuna min kan ƙarfen da aka goge da sanfefa don yayi ƙyalli. Ga inbatoci nan a kanta jere, da yace min nawa ya mutu wallahi da na saya ban yi musu ba, tunda da bakina na faɗa masa abin da nazo saye.

Daga nan ya zaunar dani da biro da bayan kwali. Yace batir mai lamba 200Ah, wato yawan cajin da yake ɗauka, a bolt 12 in ka lissafa wat 2,400 ne na awa ɗaya, amma irin wannan mai ruwa rabi kawai ya kamata ka ci, in kana tatse shi har ƙasa kullum ba zai yi maka shekara ba. Ya tambayi me da me nake kunnawa, na lissafa masa keke biyu, na wibin ɗaya, fanka, ƙwai huɗu, sai dutsen guga. Yana jin dutsen guga ya ajiye biron, yace wannan shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye, ko dai in koma na gawayi ko in yi guga da rana tsaka lokacin da fanel, wato faifan sola, ke ba da wuta sosai. Ya kuma ce wayar da aka ja min daga fanel zuwa kwanturola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, siririya ce, wutar sola mai ƙaramin bolt tana son waya mai kauri in ba haka ba a hanya take zubewa tana zafi. Babu wanda ya taɓa min wannan bayanin, na farkon ya karɓi kuɗi ne kawai ya ɗaura ya tafi.

Ina zaune ina jira idona ya kai bango. Akwai kalanda, akwai Ayatul Kursiyyu a firem, sai wasu tsofaffin hotuna baƙi da fari guda uku da aka yanko aka liƙa a kwali. Na farko turawa ne dattawa zaune a daji gaban tanti, na biyu wani baƙar fata ne tsoho siriri da fure a ƙirjin kwat ɗinsa, na uku kuwa na gane shi, Alhaji Alhassan Dantata ne. Nace "Baba, waɗannan turawan fa, iyayen gidanku ne na kamfani?" don naji ance yayi aikin wuta a kamfanin siminti na Ashaka shekaru masu yawa kafin yayi ritaya. Yayi murmushi yace a'a, wannan Thomas Edison ne, wannan Henry Ford, wannan kuma Harvey Firestone mai taya, kuma ba don kuɗinsu ya liƙa su ba.

Labarin da ya bani ranar, na sake jinsa a bakinsa ya kai sau uku tun daga lokacin, ni ma na bi na karanta. Ford yaron Edison ne a wajen aiki. A 1891 ya shiga kamfanin wutar Edison na birnin Ditroit a Amurka, ya kai babban injiniya a 1893, da dare kuma yana ƙera wata 'yar mota mai amfani da fetur a ɗakin ajiya na bayan gidansa. A 1896 aka tafi da shi taron manyan kamfanin a Niyok, aka gabatar da shi gaban Edison a matsayin saurayin da ya ƙera mota. Lokacin Edison duniya ta riga ta san shi, ya fito da na'urar ɗaukar murya a 1877, kwan lantarkinsa a 1879, ya girmi Ford da shekara 16, ga shi baya ji sosai sai an matso kusa da kunnensa. Ya yi ta yiwa Ford tambayoyi, Ford na zana masa a takarda, a ƙarshe ya ƙarfafa masa gwiwa yace ya ci gaba da abin da ya kama. Inda Baba yake tsayawa ya nanata shi ne, Edison mutumin lantarki ne, abincinsa a lantarki yake, yaron nan kuma fetur ya kawo masa, da wani ubangidan ne cewa zai yi bar wannan shirmen ka riƙe aikinka.

Ford ya kafa kamfaninsa a 1903, ya fito da Model T a 1908, kafin a daina yinta a 1927 an ƙera sama da miliyan 15. Ya zo ya fi Edison kuɗi nesa ba kusa ba. Baba yace toh anan ne ake gane ɗan halak. A ƙarshen 1914 gobara ta cinye babban ɓangare na masana'antar Edison, Ford na cikin waɗanda suka tallafa masa da rance ya sake tashi. A 1916 ya sayi gida jikin gidan Edison a Fort Myers ta jihar Filorida don su riƙa hutun sanyi tare. Su biyun da Firestone da wani dattijo marubuci John Burroughs suka riƙa fita yawon daji da motoci suna kwana a tanti, har shugaban Amurka Harding ya taɓa binsu a 1921, hoton da ke bangon na irin wannan fitar ne. A 1927 su uku suka haɗa dala 25,000 kowanne don Edison ya nemo tsiron da zai ba da roba a cikin Amurka, dattijon yana da shekara 80 amma ya gwada tsirrai sama da 17,000. A 1929 kuma da kwan lantarki ya cika shekara 50, Ford ya sake gina tsohon ɗakin binciken Edison na Menlo Park a garinsu Dearborn, ya tara manyan ƙasa aka karrama maigidansa yana raye. Edison ya rasu a 1931.

Baba yace min "ɗana, ka duba kasuwar nan tamu. Ubangida baya son yaronsa ya fi shi, zai ɓoye masa sirrin aiki shekara bakwai yana aikensa sayen abinci. Yaro kuma ranar da ya samu ya buɗe nasa, sai ya fara janye kwastoman maigida yana ɓata shi. Hassada daga sama, butulci daga ƙasa, shi yasa sana'a bata wuce mutum ɗaya a wajenmu, in ya mutu ta mutu." Wannan maganar ta zauna min sosai don a ɗinki ma haka muke fama, na san teloli da basa yanka a gaban yaransu.

Da farko na ɗauka labari ne kawai irin na dattawa, sai da na ga abin a aikace. Bayan sallah na samu ɗan kuɗi nace bari in koma batirin litiyom tunda kowa shi yake yabo, baya son ruwa, ana iya cinsa sosai fiye da mai ruwa, kuma yana daɗewa. Baba yace shawara ce mai kyau in aljihu zai ɗauka, amma shi ba gwani bane a saitinsa, akwai yaron da ya yaye shekaru shida da suka wuce yana da shago a hanyar Tumfure, ya fi shi sanin wannan, can zan je. Ya kira shi a gabana yace ga ɗan'uwanka nan zuwa ka riƙe shi amana. Na je, shagon yaron ya ninka na Baba sau uku, da mota da ma'aikata. Da naje biya sai yace an cire kuɗin aiki, wanda Baba ya turo baya biyan kuɗin aiki a wajensa. Daga baya naji cewa duk wani sabon kaya da ya shigo kasuwa, yaron nan da kansa yake kawowa Baba ɗaya ya zauna ya nuna masa yadda yake aiki, a tsugune, kamar ranar da ya fara zuwa koyo. Ban saye litiyom ɗin a hannun Baba ba, bai ci ko sisi a cinikin ba, kuma shi ya turani.

Akwai ranar da na kasa haƙuri na tambaye shi abin da ke raina. Nace "Baba ku gafarce ni, ku da bakwa wasa da sallah, ya kuka liƙa hoton mutanen da ba musulmi ba kusa da Ayatul Kursiyyu?" Bai ji haushi ba. Yace shi bai ɗauke su malaman addini ba, kuma ya san su sarai. Edison a 1910 ya faɗa wa jarida cewa bai gamsu rai yana wanzuwa bayan mutuwa ba, maganar ta tayar da ƙura har a cikin kiristocin Amurka, alhali matarsa Mina mai riƙo da coci ce sosai. Ford kuma ya yarda wai mutum yana mutuwa ya sake dawowa duniya a wani jikin. Yace wannan duk ba namu bane, mun barsu da shi. Ya ƙara da cewa Ford ɗin da ake yabo don ya ninka albashin ma'aikata zuwa dala 5 a rana a 1914, shi ne kuma yake tura mutane gidajensu su binciki yadda suke rayuwa kafin a basu cikakken kuɗin, kuma jaridarsa ta shafe shekaru daga 1920 tana yaɗa ƙarya da ƙiyayya akan Yahudawa har sai da ya fito ya nemi afuwa a 1927. Firestone ma a 1926 ya karɓi hayar fili har eka miliyan ɗaya a Laberiya na shekara 99 akan kuɗi ƙalilan don noman roba, mu 'yan Afirka bai kamata mu manta da wannan ba. Yace "abu ɗaya na ɗauka a hoton nan, babba ya ɗaga ƙarami, ƙarami bai manta ba. Shi ma ɗin addininmu ya riga su faɗa." Sai ya kawo yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Sa'ad bin Rabi'i da Abdurrahman bin Auf a Madina, Sa'ad yayi masa tayin rabin dukiyarsa, Abdurrahman yayi masa addu'a yace a nuna masa hanyar kasuwa kawai, kuma ya zama cikin manyan attajiran sahabbai.

Ni dai na gamsu da amsar, ko da yake har yanzu da son raina ne da an matsar da hotunan wani bangon daban. Na faɗa masa, yace zai duba.

Wanda ya fi so a cikinsu ashe ma ba turawan bane, baƙin nan ne mai fure, George Washington Carver. An haife shi cikin bauta, ya zama masanin noma, daga 1896 yana koyarwa a makarantar Tuskegee a jihar Alabama har ya rasu a 1943. Manoman wajen auduga suke shukawa shekara da shekaru har ƙasa ta gaji, shi ya riƙa bi yana koya musu su riƙa juyawa da gyaɗa da dankali saboda gyaɗa tana mayar wa ƙasa ƙarfinta. Baba yace in ka ji wannan kamar labarin Gombe ake baka, garin da har unguwa muke da ita mai sunan kamfanin auduga, BCGA. Carver kirista ne mai ibada, yana karantar da ɗalibai littafinsu ranar Lahadi, kuma yana danganta abin da ya gano ga Mahalicci, bai tara dukiya ba. Ford da duk kuɗinsa ya nemi abota da shi, suka riƙa ziyartar juna, da tsufa ya kama Carver hawa bene ya gagare shi Ford ya biya aka sa masa na'urar hawa a gidan da yake zaune. A Amurkar wancan lokacin da baƙi baya shiga inda bature yake cin abinci, wannan ba ƙaramin abu bane. Dantata kuwa Baba bai yi dogon bayani ba, yace wannan namu ne kowa ya sani, fatauci na goro da gyaɗa, ya rasu a 1955, ya riƙa ba mutane jari suna juyawa akan amana, ga zuri'arsa nan har yau ana damawa da su, Aliko Dangote ma ta wajen uwa jinin gidan ne.

Wani abu da na lura, akwai wani dattijo ɗan Kaltungo da yake yawan zama a shagon, kirista ne, tare sukayi aiki a Ashaka. Ranar Juma'a in Baba da yaransa sun tafi masallaci shi yake zama ya tsare shagon, baya ciniki amma yana karɓar saƙo. Shekara sama da talatin suna tare.

Toh yanzu inda shagon ya gaza, don bazan ɓoye ba. Na ɗaya jinkiri. In Baba yace maka jibi, ka sa a ranka kwana biyar. Aikin sake min waya da ɗaga fanel da yace kwana biyu sai da ya ɗauki sati, ni kuma lokacin kowace rana asara ce. Dalili shi ne baya barin yara suyi aiki su kaɗai sai ya je ya duba da idonsa, ga shi shi ɗaya ne ga shekaru, amma mai jira baya jin wannan uzurin. Ya kamata ya riƙa faɗin ranar gaskiya tun farko. Na biyu waya, kana iya kira sau biyar ba'a ɗauka ba, tana cikin durowa. Na uku wurin zama, benci ɗaya ne a waje kuma rana na dukansa daga azahar, matar da tazo da inbatan firizarta na ganta tsaye a gefe kusan awa guda, wannan bai dace ba kuma gyaransa ba wuya. Sannan in kana sauri kar ka tambayi hotunan nan, don in ya fara sai ya kai aya.

Kuɗi kuma ba araha yake ba. Batirinsa ya ɗara na cikin kasuwa tsada, kuma baya ragi irin na ciniki, abin da ya faɗa shi ne. Amma yana rubuta rasit da lambar jikin batir da ranar da ka saya, yana buɗe kwali a gabanka, yana nuna maka ranar da aka ƙera. Kwanturolan da ya sa min ya samu matsala a wata na uku, na kai, ya duba rasit ya ciro wani ya bani, ko kuɗin mashin ɗin yaron da yazo ɗaurawa bai bari na biya ba. Bashi kuma yana bayarwa ga wanda ya sani, babu ƙarin ko kwabo akan farashin hannu, yana rubutawa a littafi a sa shaida, yace haka Alƙur'ani yayi umarni a ƙarshen Baƙara.

Yaransa huɗu ne yanzu, biyu daga cikinsu almajirai ne da malaminsu ya yarda suke zuwa bayan karatun safe. Ɗaya ƙarami da bai wuce shekara 14 ba ya haɗa fanka da tsohon ɗan injin da ke juyawa a cikin rediyo da batirin mashin, tana juyawa amma tana ƙara kamar injin markaɗe, Baba ya ɗora ta akan kanta inda kowa zai gani, duk wanda ya shigo sai yace masa wannan aikin yarona ne. Na ga fuskar yaron lokacin da ake faɗa.

In zaka je, kaje da safe kafin ƙarfe goma ko bayan la'asar, ana kiran sallah suke rufewa. Ka rubuto duk abin da kake kunnawa a gida ko shago da awa nawa kake so yayi, in da hali ka ɗauki hoton takardar da ke bayan kowanne, zai rage maka zirga-zirga. In tsohon kaya gareka ka kai shi a gwada kafin ka sayi komai. Yanzu da hunturu ya kusa ya riga ya gargaɗe ni in riƙa goge fanel da tsumma mai laushi da sassafe ko da sau biyu a sati saboda ƙurar Gombe tana rage wuta sosai, tsofaffin batiran nan biyu kuma ya haɗa ni da masu sayen dalma na sayar, kuɗin na ƙara na sayi fanel na huɗu, ranar Asabar yace zai zo ya ɗaura, na dai sa a raina Talata.